Kafin ka sayi ƙaramar motar alfarma ta hannu: jagora kan ƙarko, kiranye da kuɗin gyara

BMW 3 Series, Mercedes C-Class, Audi A4, Lexus IS da 'yan uwansu suna da wani hali da ke yaudarar mai saye. Bayan shekara takwas ko goma a kan titi, farashinsu yakan faɗo har ya yi kunnen doki da na motocin da ba su kai su daraja ba. Amma farashin ne kaɗai ya faɗo. Famfon ruwanta, giyabos ɗinta, tayoyinta da awannin da makanike zai ɓata a kanta suna nan a matsayinsu na motar tsada. Wanda ya saye ta sabuwa ya mori shekarun garanti, kai kuwa za ka gaji shekarun da roba ke bushewa, gasket ke fara yoyo. Wannan ba dalilin guje mata ba ne. Dalili ne na bin matakan da ke ƙasa, kuma a jeren da suka zo, domin kowane mataki yana rage maka wahalar na gaba da shi.

Mataki na 1: Zaɓi inji, ba tambari ba

Tambayar "BMW ta fi ko Mercedes?" ba ta da amsa mai amfani. Suna ɗaya yana iya ɓoye injuna biyu da ba su haɗa komai ba. BMW 328i ta 2010 tana ɗauke da N52, inji mai silinda shida marar turbo. 328i ta 2013 kuwa N20 ne a cikinta, silinda huɗu da turbo. Haka C300: a ƙirar W204 injin V6 ne, a W205 da ta gaje ta a 2014 ya koma silinda huɗu mai turbo. Don haka abu uku za ka fara rubutawa game da kowace mota da ta burge ka: lambar ƙira, lambar inji, da nau'in giyabos. Da su za ka yi bincike, ba da rubutun da ke manne a bayan but ba.

A ɓangaren BMW, N52 na 3 Series ƙirar E90 yana da kyakkyawan suna, sai dai yana da wuraren da aka san shi da su. Famfon ruwansa na lantarki ne, kuma yakan mutu ba sallama, injin ya ɗau zafi nan take. Gasket ɗin gidan filtar mai yakan yi yoyo, man ya zuba kan bel. Kar ka raina wannan ɗigon. Bel ɗin da ya jiƙe da mai yana iya zamewa, ya yayyage, guntayensa su kutsa cikin injin ta sil ɗin gaba, ƙaramin gyara ya zama na buɗe inji. N54 na 335i yana da ƙarfi ƙwarai, amma famfon fetur ɗinsa mai matsi ya ba da matsalar da ta kai ga kiranye (kamfani ya kira motocin don a gyara kyauta) a Amurka a 2010. N20 kuwa, laifinsa robar da sarƙar tayimin ke bi ta kanta: a injinan farko takan farfashe, sarƙar ta yi sako-sako, in ta tsallake haƙori injin ya buga. An gyara ƙirar robar wajajen 2015, kuma B48 da ya maye gurbinsa ya fi shi kwanciyar hankali. Masu son dizal su lura da N47, wanda sarƙarsa take a bayan inji, jikin giyabos. Ita kanta sarƙar ba ita ce tsadar ba. Isa gare ta ne, don sai an sauke giyabos ko injin gaba ɗaya.

Mercedes W204, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2014, tana da jiki mai jure wahala, kuma a ganina tana cikin mafi sauƙin riƙewa a motocin Jamus na ajinta. Duk da haka injin M271 mai silinda huɗu yana cin sarƙar tayimin da giyoyin kamshaf, alamarsa ƙarar kwaram-kwaram ta 'yan daƙiƙu idan an tayar da safe. Injinan farko na M272, na wajajen 2005 zuwa 2007, suna da giyar balans shaf mai saurin cinyewa, kuma da lambar injin ake gane ko naka yana cikinsu. Akwai makullin sitiyari na lantarki wanda idan ya mutu za ka murɗa makulli motar ta yi shiru kamar ba batir. Sannan akwai tsatsar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, wadda ke ci daga ciki zuwa waje. Abin ya yi yawan da a 2023 kamfanin ya tsawaita garantin wannan ƙarfen zuwa shekara 20 a Amurka.

Audi A4 ƙirar B8 mai injin 2.0 TFSI, musamman ta 2009 zuwa 2011, ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda ƙirar ringin fistin. Maganin na gaskiya shi ne canza fistin da ringi, ba zuba mai mai kauri ba. Abin da ke ɗaure sarƙar tayimin a injinan kafin 2012 ma yakan saki. Giyabos iri-iri ne: Multitronic a masu jan gaba, S tronic mai kuloci biyu ko kuma otomatik na yau da kullum a masu quattro (jan ƙafa huɗu na Audi), gwargwadon kasuwa da shekara. In da zaɓi, na ƙarshen nan ya fi kwantar da hankali, Multitronic kuwa sai da takardun canjin man giya a hannu.

Lexus IS ita ce wadda ba ta cika ba mai ita labarin bayarwa ba, kuma wannan yabo ne. Amma ita ma ba waliyyiya ba ce. Injin IS 250 yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda kawai, don haka babu abin da ke wanke bayan bawul, baƙin gawayi ya taru, motar ta fara karkarwa a tsaye. IS 350 tana fesawa ta hanya biyu, shi ya sa ba ta da wannan ciwon. Taruwar gawayin nan ta shafi N54, N20 da TFSI ma. A ƙasashe masu zafi, dashbod ɗin IS na shekarun farko yakan narke ya yi danƙo.

Mataki na 2: Karanta jadawalin ƙarko da ido biyu

Za ka ci karo da jadawalin Consumer Reports da J.D. Power na Amurka, rahoton TÜV da ƙididdigar ADAC na Jamus, da binciken What Car? na Birtaniya. Suna da amfani, amma kowanne da abin da yake aunawa. Binciken ƙarko na J.D. Power motoci 'yan shekara uku yake dubawa, yana ƙirga matsaloli a kowace mota ɗari, kuma allon da ya ƙi haɗuwa da waya matsala ɗaya ce kamar yadda giyar da ta lalace take matsala ɗaya. TÜV yana faɗin abin da aka kama a gwajin lafiyar mota na dole: birki, fitilu, ƙafafu, yoyon mai. ADAC, ƙungiyar masu motoci ta Jamus, na ƙirga motocin da suka mutu a hanya, kuma shekara da shekaru batir ne kan gaba a dalilan. Babu ɗayansu da zai gaya maka halin motar da ke gabanka mai shekara goma sha biyu da masu ita huɗu. Yi amfani da su wajen cire shekarun da suka yi ƙaurin suna, ka wuce.

Mataki na 3: Karɓi lambar VIN, ka bincika kiranye

Kafin ka taka ƙafa zuwa ganin mota, nemi a turo maka lambar VIN, wato lambar shasi da kowace mota ke da tata. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, O ko Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar ƙira. Mai sayarwar da ya yi ta kwana-kwana kan ba da wannan lambar ya riga ya ba ka amsa. Idan ka je, gwada ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardu. Dole su zama ɗaya, harafi da harafi.

Kiranye shi ne kamfani ya amince, da kansa ko bisa matsin hukuma, cewa akwai lahani mai haɗari a wasu motoci, ya kira su a gyara kyauta. Mabuɗin binciken shi ne ƙasar da aka fara sayar da motar, domin kowace kasuwa da nata jerin. Ta Amurka, shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗuran hanya ta ƙasar, yana karɓar VIN kyauta. Ta Birtaniya, shafin gwamnati yana nuna kiranyen da ba a yi ba da lambar rajista. Jamus tana da rumbun hukumar KBA, Kanada tana da na Transport Canada, kuma kamfanonin kansu suna da shafukan duba VIN.

Ka fahimci iyakar abin da shafin ke nunawa. Na NHTSA yana fito da kiranyen da ba a gyara ba ne kawai. Idan ya ce sifili, ko dai an yi gyaran, ko motar ba ta cikin jerin, ko kuma ba ta kasuwar Amurka ba ce sam. Dokar can ta tilasta gyara kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba lokacin da aka gano lahanin. Wani abin kuma, wasiƙar kiranye adireshin mai rajista take bi. Da zarar mota ta sauya hannu sau biyu ko uku, ko ta tsallaka teku, wasiƙar ta ɓata hanya, lahanin kuwa yana nan tare da motar. Idan motar ta bar ƙasarta ta asali, buga wa wakilin kamfanin na inda kake, ka karanta masa VIN, ka tambaye shi ƙarara ko zai yi aikin kyauta. Ka ji amsar kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Kiranyen da bai karɓi sassauci ba shi ne na jakar iskar Takata. Sinadarin da ke hura jakar, amoniyam naitiret, yana lalacewa da zafi da laima da tsufa. Idan aka yi karo, maimakon ya hura jakar sai ya fasa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzan su fesu a fuskar direba ko fasinja. A Amurka kaɗai an kira jakunkuna kimanin miliyan 67, mutum fiye da 25 sun mutu, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Ya shafi 3 Series, C-Class, A4 da Lexus IS na shekaru daban-daban. A watan Mayun 2023 BMW ta gargaɗi masu wasu tsofaffin motocinta kimanin 90,000, har da 3 Series na 2000 zuwa 2006, da kada su ƙara tuƙa su sai an canza. Tsufan motar ƙara haɗarin yake yi. Mota mai wannan kiranyen a buɗe, kuma babu wanda zai rufe shi a inda kake, ka bar ta komai kyanta.

Sauran manyan da ya kamata ka nema da ido yawancinsu na gobara ne. BMW ta kira motoci sama da 900,000 a Amurka a 2022 saboda wata 'yar hita a bawul ɗin numfashin inji da ke iya kamawa da wuta, sannan a 2017 ta kira 3 Series na 2006 zuwa 2011 kan wayoyin fankar iska. A 2018, bayan gobarar motoci a Koriya ta Kudu, ta faɗaɗa kiranyen na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji (EGR) a motocin dizal zuwa kimanin miliyan 1.6 a duniya. Mercedes ta kira C-Class na 2008 zuwa 2011 kan wayar fitilun baya da ke ƙonewa, a 2017 kuma ta yi manyan kiranye biyu, ɗaya kan wata na'ura a layin kik da ke iya zafi har ta kama wuta, ɗaya kan jakar iskar direba da ke iya fashewa haka kawai. Audi ta kira A4 na 2013 zuwa 2016 kan ƙaramin famfon ruwa na lantarki.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake rikitawa da kiranye. Na farko sanarwar da kamfani ke aika wa garejojinsa kan matsalar da ta yi yawa da yadda ake gyara ta. Wannan ba kyauta ba ce, amma karanta ta kamar leƙa littafin sirrin motar ne, kuma NHTSA tana wallafa su. Na biyu tsawaita garanti kan wani sashe, irin na sarƙar N20 da BMW ta kai shekara 7 ko mil 70,000 a Amurka. Irin wannan yana da wa'adi, kuma a yawancin motocin da za ka gani yau ya riga ya ƙare. Mafi yawan cututtukan da aka lissafa a mataki na farko ba su taɓa zama kiranye ba, domin masu cin aljihu ne, ba masu kisa ba. Shafi mai tsabta ba shaidar lafiyar inji ba ne.

Mataki na 4: Bi sawun tarihinta

Da VIN ɗin dai, sayi rahoton tarihi. Ga motocin Amurka akwai Carfax da AutoCheck, da NMVTIS na gwamnati. Ga na Birtaniya, tarihin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT) kyauta ne, kuma yana nuna abin da mita ta karanta a kowace shekara, har da gargaɗin da mai gwaji ya rubuta. Abin nema: hatsarin da kamfanin inshora ya yanke cewa gyara bai cancanta ba, ambaliya, da mitar da ta yi tafiyar baya. Saka VIN ɗin a injin bincike na intanet ma. Sau da yawa hotunan Copart ko IAA, kamfanonin gwanjon motocin da suka yi hatsari, suna fitowa, ka ga motar yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta.

Motar da ta yi hatsari aka gyara da kyau ana iya saye in farashin ya nuna hakan. Motar da ta sha ambaliya kuwa a'a. Waɗannan motocin suna da kwamfutoci da dama a ƙarƙashin kujeru, cikin but da ƙasan kafet. Ruwa ya shiga soket, tsatsa ta fara aikinta a hankali, bayan wata shida fitilu su fara wasa, ba wanda zai iya gano bakin zaren.

Sai takardun sabis. Rasit ɗin da ke ɗauke da kwanan wata, kilomita da sunan man da aka zuba ya fi duk wata rantsuwar dillali. Duba tazarar canjin mai, ka duba ko man ya dace da ƙa'idar kamfanin: Longlife-01 ko 04 ga BMW, 229.5 ko 229.51 ga Mercedes, 502 00 ko 504 00 ga Audi mai fetur. Mota mai kilomita 180,000 da aka canza wa famfon ruwa, sarƙa da man giya, da takardu, ta fi mai 110,000 da ba a taɓa yi wa komai ba. Ta farkon wani ya biya. Ta biyun kai take jira.

Mataki na 5: Duba ta da sanyin inji

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka kuma taɓa injin da hannu ka tabbatar. Daƙiƙu biyar na farko bayan kwana a ajiye su ne suka fi faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa, hayaƙi mai shuɗi na ƙonewar mai, karkarwar gawayi ko kwayil. Kafin ka tayar, kunna makulli kawai ka kalli dashbod. Fitilar inji, ta jakar iska da ta ABS dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, wani ne ya rufe mata baki.

Na'urar kwamfutar gwaji wajibi ce, amma ba kowace ba. 'Yar ƙaramar nan ta kowa-da-kowa inji kawai take karantawa. Kana buƙatar wadda ke shiga dukkan kwamfutocin motar: giya, birki, jakar iska, sitiyari. Duba abu biyu bayan lambobin matsala. Ɗaya, ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala. Idan yawancinsu suna nuna ba su shirya ba, kwanan nan aka goge lambobi ko aka cire batir. Biyu, kilomitar da ke ajiye a wasu kwamfutocin, domin mai juya mita yakan gyara ta dashbod ya manta da sauran. Yawancin injinan fetur na BMW tun daga E90, da A4 B8, ba su da sandar auna mai, ta allo ake dubawa, don haka sai injin ya ɗumama za ka samu karatu.

Sannan a ɗaga ta sama, a cire murfin robar ƙasa. Wannan murfin yana tare ɗigon mai, shi ya sa ƙasan inda aka ajiye motar zai iya zama fes alhali injin yana zubarwa. Injin da aka wanke ya yi ƙal a motar shekara goma abin tambaya ne. Duba busasshen ruwan lagireto mai fari ko ruwan hoda a jikin famfo da gidan tamostat, tsagewar bushin na ƙafafun gaba, jiƙewar shokozoba, da cin taya ta gefen ciki. A W204, a ƙwanƙwasa ƙarfen ƙafafun baya da guduma, kallo kaɗai ba ya isa. Tayoyi suna da lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A mota mai jan ƙafa huɗu, tayoyin da suka bambanta a iri ko a cinyewa suna wahalar da akwatin raba ƙarfi.

Tuƙin gwaji ya kai rabin awa, rediyo a kashe. Fara da tafiyar cunkoso, tsaya-tafi, inda S tronic da Multitronic masu ciwo ke fizga ko jinkiri. Sai babban titi, ka taka totur sosai sau biyu ko uku, ka ga ko motar za ta rage ƙarfi ta kunna fitila. Taka birki daga gudu ka ji ko sitiyari na rawa. Bayan ka tsaya, bar ta a kunne da na'urar sanyi na minti goma, kana kallon zafin inji. Daga nan ka danna kowane maɓalli: gilasai, rufin sama, kujeru, madubai, kyamara. A sake saka kwamfuta bayan tuƙin, domin lambar da aka goge jiya takan dawo yau.

Duk wannan ya fi kyau a hannun makaniken da ya ƙware a wannan tambarin, wanda kai ka zaɓa kuma kai ka biya. Makaniken da mai sayarwa ya kawo, ko da mutumin kirki ne, ba naka ba ne.

Mataki na 6: Yi lissafin gyara kafin ciniki

Alƙaluman da za ka gani a intanet na kuɗin gyara a shekara matsakaici ne na wata ƙasa da wani lokaci. Naka lissafin ka yi shi da kanka. Ɗauki takarda ka raba ta uku.

Kashi na farko, abin da ba makawa: mai da filta, man birki duk shekara biyu, fulogi, birki, taya, batir. A nan ne mutane ke shan mamaki. Faifan birkin waɗannan motocin yakan cinye kusan tare da fad, ga kuma wayar sansa. Yawancin BMW suna zuwa da tayoyin da ke iya tafiya bayan faci, masu tsada, kuma babu safaya a but. Idan tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a juya su, don haka na baya za su riƙa ƙarewa da wuri. Batir sau da yawa na musamman ne, nau'in da ake kira AGM, kuma a BMW sai an sanar da kwamfuta cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho. Injinan suna son fetur mai inganci. Dizal na zamani mai matatar hayaƙi kuwa yana buƙatar mai marar sulfa sosai da doguwar tafiya a kai a kai. In babu ɗaya daga cikin biyun a rayuwarka, ɗauki mai fetur.

Man giya ya cancanci magana ta daban. Wasu kamfanonin sun ce na har abada ne. ZF, wanda ya ƙera giyabos ɗin da ke cikin yawancin BMW da wasu Audi, ya daɗe yana ba da shawarar a riƙa canza shi. Maganar wanda ya ƙera abin nake bi.

Kashi na biyu, cututtukan da aka san injinka da su waɗanda babu takardar cewa an yi. Ga kowanne, tambayi gareji biyu farashin kaya da na aiki daban-daban. Za ka lura cewa kuɗin hannu ne ke rinjaye: gasket ɗin kaskon mai abu ne mai araha, amma a mota mai jan ƙafa huɗu sai an sassauta rabin ƙasan motar kafin a kai gare shi. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe wuri, a canza maƙwabtansa: famfon ruwa da tamostat tare, gasket ɗin gidan filta da bel tare.

Kashi na uku, babban abu guda da zai iya faruwa: turbo, ƙwaƙwalwar giyabos, sarƙa. Ba lallai ya faru ba, amma ka san kuɗinsa. Idan jin adadin ya sa gabanka ya faɗi, motar ta fi ƙarfinka ko da kana da kuɗin sayenta. Shawarata ita ce kada ka kashe fiye da kashi huɗu cikin biyar na abin da ka tanada wajen saye. Ragowar na shekarar farko ne.

Akwai hanyar rage nauyin ba tare da cutar da motar ba. Kamfanonin mota ba su ke ƙera yawancin kayan ba. Lemförder da Sachs ke yin kayan ƙafa, Bosch, Pierburg da Continental kayan lantarki da famfuna, Mann da Mahle filtoci, ATE birki, Denso kuma yawancin na Lexus. Kaya ɗaya a kwalin maƙerinsa yakan fi araha nesa ba kusa ba a kan wanda ke kwalin tambarin mota. Abin gudu shi ne marar suna da jabu, musamman sansa, kwayil da duk abin da ya shafi sanyaya inji. Araha ba ta ado a nan, don aikin sau biyu za ka biya. Kuma kafin ka zaɓi tambari, tabbatar akwai ƙwararrensa da kayansa kusa da kai. Jaguar XE, Alfa Romeo Giulia ko Cadillac ATS suna iya burge ka, amma motar da za ta yi wata guda tana jiran sansa ɗaya ta zo daga wata nahiya ba ta da ƙarko a wurinka, ko me jadawali ya ce.

Mataki na 7: Ciniki da watan farko

Je ciniki da takardar kashi na biyu a hannu. "Motar ta tsufa" ba hujja ba ce. "Babu shaidar canza sarƙa, ga abin da gareji ya ce zai ci" hujja ce. Karɓi makullai biyu, domin yanka sabo da haɗa shi da kwamfuta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Idan an tallata maka garantin wani kamfani na daban, karanta jerin abin da bai ƙunsa ba kafin na abin da ya ƙunsa. Yoyon mai, taruwar gawayi da lahanin da ya riga ya kasance galibi suna waje.

Da ta zama taka, canza baƙin mai da filta, man birki da ruwan lagireto, da man giya in babu shaidar an yi, ko da mai sayarwa ya ce jiya aka yi sabis. Rubuta kilomitar ranar, ka riƙa duba matakin mai duk kilomita 1,000 har sau uku, don ka san ainihin shan motarka. Littafin Volkswagen da Audi yana ɗaukar har rabin lita a kilomita 1,000 a matsayin abin da bai wuce ƙa'ida ba, amma injin da ya kusanci wannan adadin yana neman a duba shi. Rage tazarar canjin mai zuwa kamar kilomita 8,000 zuwa 10,000 idan tafiyarka gajeru ce ko wurin da zafi da ƙura. Yi rajistar sunanka da VIN a wurin kamfanin don wasiƙar kiranye ta gaba ta same ka, ka kuma sake duba lambar a shafin hukuma sau biyu a shekara, tunda ana fitar da sabon kiranye har kan motocin da suka haura shekara goma.